Damin Lambobi da Amanar Rumbun Bayanai

Laccar da aka gabatar a zaman ƙara wa juna ilmi na ɗalibai

GABATARWA



Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa shi ne wata matsala guda daga cikin matsalolin ajiye bayanai a kwamfuta, watau yadda za a tabbatar da cewa lambobin da aka tara a gurbi ɗaya na jadawali, kowace daga cikinsu tana nuni ga abin da yake akwai. Wanda ya ji wannan zai ce ai magana ce ta 'yan sashen kwamfuta, ba ruwan mai karatun shari'a ko tarihi. To amma duk wanda sunansa yake cikin rajistar makaranta, ko takardar albashi, ko katin asibiti, maganar ta shafe shi, domin galibin waɗannan takardu yau cikin kwamfuta suke kwana. Bugu da ƙari, da yawa daga cikinku nan da 'yan shekaru ku ne za ku zauna a kwamiti, ɗan kwangila ya kawo manhajar da ya gina, a ce ku duba ku sa hannu. Ran nan kuwa ba wanda zai tambaye ku abin da kuka karanta a jami'a.

Za mu fara da asalin abin, sa'an nan mu nuna inda ɓaraka take, mu auna dabarun da ake yi don ɗinke ta, daga ƙarshe mu faɗi wadda muke ganin ta fi. Misalanmu za mu ɗauko su daga manhajar PostgreSQL, domin tana cikin waɗanda suka fi shahara da irin wannan gurbi mai ɗaukar lambobi da yawa, kyauta kuma ake samunta.

JADAWALI DA LAMBA

A shekarar 1970 wani masanin lissafi haifaffen Ingila mai suna Edgar Codd, wanda yake aiki da kamfanin IBM a garin San Jose na jihar Kalifoniya a Amurka, ya buga wata maƙala wadda ta sauya yadda ake ajiye bayanai. Kafin wannan lokaci manyan rumbunan bayanai, irin su IMS wanda ya fara aiki a 1968 don lissafin kayan kumbon Apollo, suna ɗaure bayani da bayani ne da wata irin igiya ta cikin na'ura, sai wanda ya san inda igiyar ta bi zai iya kai wa ga abin da yake nema. Codd ya ce a kwance igiyoyin nan, a zuba kome cikin jadawali, kamar dai yadda akawu yake tsaga littafinsa da rula. Kowane layi na kwance ya ɗauki bayanin abu guda, kowane sahu na tsaye, wanda za mu kira ginshiƙi, ya ɗauki siffa guda. Inda layi da ginshiƙi suka haɗu, nan ne gurbi.

To in babu igiya, da me jadawalai za su san juna? Da lamba. Alal misali, a ce makaranta tana da jadawalin sassa, kowane sashe da lambarsa wadda ba ya tarayya da kowa a cikinta. Wannan ita ce lambar asali. A jadawalin ɗalibai kuma, maimakon a rubuta sunan sashe da na shugabansa a gaban kowane ɗalibi, sai a rubuta lambar sashen kawai. Wannan lamba ta biyu ba ta da wata ma'ana ita kaɗai, aikinta nuni ga wani layi a wani jadawali, shi ya sa za mu kira ta lambar nuni.

Amfanin wannan tsari a fili yake. In sashe ya sake suna, wuri ɗaya za a gyara. Amma akwai alkawari a ɓoye cikinsa: duk wanda ya rubuta lamba 7 a gaban ɗalibi ya yi wa mai karatu alkawari cewa in ya je jadawalin sassa zai tarar da sashe mai lamba 7. A wata maƙala ta 1979 Codd ya mai da wannan alkawari doka, cewa lambar nuni ko dai ta dace da wata lambar asali da take akwai, ko kuwa a bar gurbinta wofi. Wannan doka ita muke nufi da sahihancin nuni.

Akwai kuma wata ƙa'ida da ya kafa tun a maƙalar farko, wadda ita ce jigon maganarmu ta yau: gurbi ɗaya, abu ɗaya. Kada a cusa jerin abubuwa a gurbi guda.

MAI GADI MAI ƘOFA BIYU

Doka in ba mai tsaronta shawara ce kurum. Harshen da ake yi wa waɗannan rumbuna magana da shi, watau SQL, wanda Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka fito da shi a IBM a 1974, ya zama mizani na bai ɗaya a 1986. A gyaran 1989 aka shigar da hanyar da mai gini zai shaida wa rumbu cewa ginshiƙi kaza lambar nuni ce zuwa jadawali kaza, a gyaran 1992 kuma aka ƙara abin da rumbu zai yi in an taɓa layin da ake nuni gare shi. PostgreSQL ta sami wannan a bugunta na 7.0 a shekarar 2000.

Da zarar an yi wannan shela, rumbu ya sami mai gadi, mai gadin kuwa ƙofa biyu yake tsaro. Ƙofa ta farko ita ce ta shiga: in akawu ya zo zai rubuta sashe mai lamba 99 alhali babu shi, mai gadi ya mai da shi. Ƙofa ta biyu ita ce ta fita: in wani ya zo zai share sashe mai lamba 7 alhali akwai ɗaliban da suke rataye da shi, mai gadi ya bi umurnin da aka ba shi tun ran gini. Ko dai ya hana sharewar, ko ya bi sawu ya share duk layukan da suke nuni ga sashen, ko ya wofintar da gurabensu.

Babban abin lura shi ne, mai gadin nan a bakin rumbu yake zaune. Ko ta shafin intanet aka zo, ko ta manhajar waya, ko wani babban jami'i ne ya zauna da dare yana buga umurni da hannunsa, duk ta gabansa za a wuce. Binciken da aka sa a cikin manhajar akawu kuwa, akawun da ya bi ta wannan manhaja kaɗai yake kamawa.

DAMI

Ɗalibi sashe ɗaya yake da shi, saboda haka gurbi ɗaya ya ishe shi. To kwasa-kwasai fa? Ɗalibi guda yakan ɗauki takwas ko fiye a zango, kwas guda kuma ɗalibai ɗari suna iya ɗaukarsa. A nan ne mai gini yakan hango wata gajeriyar hanya.

PostgreSQL ta samo asali daga wani aikin bincike da Michael Stonebraker ya jagoranta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tun daga 1986, ta ɗauki sunan da aka san ta da shi a 1996. Daga cikin abin da ta gada daga can akwai ginshiƙin da gurbinsa yake karɓar jerin abubuwa a ɗaure wuri ɗaya. Mizanin SQL ma ya amince da irin wannan a 1999. Za mu kira shi dami, tun da yake kamar damin gero, ɗauri ɗaya ne amma zangarniya da yawa. Sai mai gini ya ƙara ginshiƙi ɗaya a jadawalin ɗalibai, a gaban ɗalibi mai lamba 57 ya rubuta 101, 104, 210. Ba sabon jadawali, ba haɗe-haɗe, in an jawo layin ɗalibi kwasa-kwasansa sun biyo shi. Lalle akwai sauƙi, ba za mu musa ba.

Sai dai in ya juya ya ce wa rumbu wannan ginshiƙi lambar nuni ce zuwa jadawalin kwasa-kwasai, PostgreSQL za ta ƙi. Dalilinta shi ne, mai gadi gurbi da gurbi ya iya gwadawa. Wannan gefe dami ne, wancan gefe lamba ɗaya ce, ba irinsu ɗaya ba. Bai iya kwance ɗauri ya duba zangarniya ɗaya ɗaya ba. Alkawura uku ke nan aka yi a gaban ɗalibi mai lamba 57, ba wanda yake tsaron ko ɗaya daga ciki.

Mu dubi abin da yake biyo baya. Bayan shekara biyu sashe ya sabunta manhajar karatunsa, ya share kwas 210 daga jadawali. Ba abin da ya yi ƙara, ba saƙon gargaɗi. Lambar tana nan kwance a dammunan ɗalibai, ta zama marainiya. Ran da aka zo fitar da takardar sakamako, rumbu zai ɗauki kowace lamba ya nemo sunan kwas da nauyinsa, wadda bai samu ba kuma, bisa irin haɗin da aka fi amfani da shi, ya tsallake ta shiru. Ɗalibi ya zauna aji, ya rubuta jarrabawa, ya ci, amma takarda ta ce nauyin karatunsa bai cika ba. Mafi muni kuwa shi ne a ɗauki lamba 210 a ba wani sabon kwas. Nan takarda za ta fito cif, da hatimi da sa hannu, tana shaida cewa ya karanta abin da bai taɓa gani ba. Ku cire kwas ku sa alawus na ma'aikaci, ko ku sa jerin magungunan da jikin majiyyaci ba ya karɓa, za ku ga nauyin abin.

ME YA HANA A KOYA WA MAI GADI KWANCE DAMI?

An gwada. A tsakanin 2011 da 2012 an gabatar wa masu kula da PostgreSQL wani gyara wanda zai sa a binciki kowace lamba ta cikin dami. A 2017 aka sake ɗauko aikin a ƙarƙashin shirin Google na ɗalibai masu rubuta manhaja lokacin hutu. An yi shekaru ana tattaunawa, amma har bugu na 17 da ya fito a 2024 gyaran bai shiga ba.

Ƙofar shiga ba ita ce mai wuya ba. Wahalar tana ƙofar fita. In an share kwas 210 aka ce a bi sawu, me za a share, ɗalibin gaba ɗaya ko lambar kawai? In an zare lambar, ta huɗu ta koma ta uku, alhali wataƙila matsayin kowace lamba yana da ma'ana. In an ce a wofintar, damin duka ko ƙwaya ɗaya? Dami kuma yana karɓar lamba ɗaya sau biyu, yana karɓar wofi a tsakiyarsa, yana iya zama hawa-hawa har hawa 6. Ga kuma batun sauri: kafin a share kwas guda dole a san ko yana cikin damin wani, in kuwa babu fihirisar da ta dace sai an kwance kowane dami a jadawalin.

DABARA TA FARKO: SHARAƊIN GURBI

Da yake ƙofa a rufe take, masu gini sukan nemi taga. Akwai wani sharaɗi da ake iya gindaya wa layi, kamar a ce maki kada ya wuce 100. An yi shi don duba layin da ake rubutawa kaɗai, ba a yarda a sa masa tambaya zuwa wani jadawali ba. Sai wasu su yi wayo, su ɓoye tambayar cikin wata 'yar manhaja, sharaɗin ya riƙa kiranta. Rumbu zai karɓa, ran gwaji kuma abin zai yi kamar yana aiki.

Aibinsa biyu ne. Na farko, ana duba sharaɗin ne sa'ad da ake rubuta layin ɗalibi, ba abin da yake tashe shi in an share kwas. Ƙofar fita a buɗe take ke nan. Na biyu ya fi ciwo, domin ran wuya yake bayyana. In na'ura ta lalace aka ɗauko kwafin ajiya za a mayar, jadawali bayan jadawali ake zubawa. Mai gadi na ainihi sai an gama zuba kome ake tsai da shi, amma wannan sharaɗi yana nan tun farko. In an fara zuba ɗalibai kafin kwasa-kwasai, zai ga jadawalin kwas fayau, ya ƙi karɓar layukan. Littafin jagorar PostgreSQL da kansa ya yi kashedi a kan wannan. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

DABARA TA BIYU: TARKO

Dabara ta biyu ta fi ta farko tushe. Ana iya rubuta wata 'yar manhaja a ɗana ta a jikin jadawali, duk sa'ad da aka taɓa layi ta fashe ta yi aikinta. Mu kira ta tarko. Hasali ma mai gadin PostgreSQL na ainihi da irin waɗannan tarkuna aka gina shi a can ciki. Wanda ya zaɓi wannan hanya to ya sani tarko biyu zai ɗana. Ɗaya a jadawalin ɗalibai, ya kwance dami ya tabbatar kowace lamba tana da asali. Ɗaya a jadawalin kwasa-kwasai, ya hana share kwas ko sauya lambarsa muddin yana cikin wani dami. Na biyun yana bukatar irin fihirisar nan ta bayan littafi, wadda take cewa lamba kaza tana layi kaza da kaza. PostgreSQL tana da ita tun 2006, sunanta GIN. Kada kuma ya manta da umurnin nan mai kwashe jadawali duka a lokaci ɗaya, domin ba ya bi ta kan tarkon da aka ɗana wa layi ɗaya ɗaya, sai an yi masa nasa.

Duk da haka da sauran rina a kaba, a nan kuma muke roƙon ku ba mu hankalinku. Rumbun bayanai mutane da yawa suke aiki da shi a lokaci guda. Don kada wani ya ga aikin da bai nuna ba, abin da akawu yake rubutawa ba ya bayyana ga sauran sai ya kammala ya buga hatimi.

To ga akawu biyu. Na farko yana ofishin rajista, yana ƙara wa wata ɗaliba kwas 210. Tarko ya duba, ya ga 210 yana nan, ya ce wuce. Bai riga ya buga hatimi ba. A daidai wannan lokaci na biyu yana ofishin sashe, yana share kwas 210. Nasa tarkon ya leƙa dammuna duka bai ga mai 210 ba, domin aikin na farko bai bayyana ba tukuna, shi ma ya ce wuce. Kowa ya buga hatiminsa. Tarko biyu sun yi aikinsu daidai, akawu biyu ba wanda ya yi laifi, ga kuma marainiyar lamba a rumbu. Irin wannan ba ya faruwa ran da ɗan kwangila yake nuna wa kwamiti aikinsa, tun da mutum ɗaya ne a gaban na'ura. Ranar rufe rajista yake faruwa, sa'ad da kowa yake sauri. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, tsagar nan kuwa ba ta kai ƙiftawar ido ba.

Maganinsa shi ne tarkon farko kada ya tsaya ga dubawa, ya ɗora hannu a kan layin kwas ɗin ya riƙe har a buga hatimi. PostgreSQL tana da wani sassauƙan kulle na wannan aiki tun bugu na 9.3 a 2013, wanda yake hana share layi ko sauya lambarsa amma ba ya hana gyara sunan kwas. Da shi mai gadi na ainihi yake aiki. In an yi haka akawu na biyu zai jira, in na farko ya gama sai tarkonsa ya ga 210 a dami ya hana shi. Amma ko wannan yana da sharaɗi. Akwai yanayin aiki da rumbu yake ɗaukar wa akawu hoton bayanai tun farkon zamansa, ya ci gaba da nuna masa wannan hoto har ya tashi. A wannan yanayi tarkon akawu na biyu tsohon hoto zai duba ko bayan ya gama jira. Mai gadi na ainihi yana da hanyar leƙa sabon hali, wadda tarkon da aka rubuta da harshen rumbu ba shi da ita. Sai fa in an sa kowa da kowa ya yi aiki a mataki mafi tsanani, wanda aka inganta a bugu na 9.1 a 2011, inda rumbu yake soke ɗaya daga cikin ayyuka biyu da suka yi karo, a ce wa mai shi ya sake.

Kun ga ke nan, wanda ya gudu daga gina jadawali ɗaya ya ƙare da tarkuna uku, da fihirisa, da kulle, da dokar da dole duk wanda zai gaje shi ya tuna. Sauri ya haifi nawa.

HANYAR DA MUKE GANIN TA FI

Hanyar da ta fi ita ce tsohuwar, wadda take bin ƙa'idar Codd. A kwance damin, a gina jadawali na uku a tsakanin ɗalibai da kwasa-kwasai, mai ginshiƙi biyu: lambar ɗalibi da lambar kwas. Ɗalibi mai lamba 57 ya sami layi uku, 57 da 101, 57 da 104, 57 da 210. Kowane ginshiƙi lambar nuni ce ta sosai, da mai gadinta. Dukan tambayoyin da suka gagara ɗazu sun sami amsa. In an bi sawu, layi ɗaya za a share. In an haɗa lambobin biyu aka mai da su lambar asali ta wannan jadawali, ba mai yin rajistar kwas ɗaya sau biyu. In ana son jeri, a ƙara ginshiƙin matsayi. Gobe kuma in an ce a rubuta zango da maki da ranar rajista, ga wurinsu a shirye, alhali dami ba shi da inda zai sa su. Abu ɗaya za a kiyaye: PostgreSQL ba ta yi wa lambar nuni fihirisa da kanta, saboda haka mai gini ya yi wa ginshiƙin kwas tasa.

Masu son dami sukan kawo hujja biyu. Ta farko ita ce cin wuri, gaskiya ne kuma kowane layi a PostgreSQL yana ɗauke da kan bayani na kimanin bait 24, ga wasu 4 na alamar wurinsa. To mu yi lissafi. A ce ɗalibai 20,000 ne, kowa da kwas 8, layi 160,000 ke nan. Kowane layi da lambobinsa biyu bait 36, jimla ba ta kai megabait 6 ba, ban da fihirisa. Hotuna kaɗan na waya sun fi haka nauyi. Hujja ta biyu ita ce manhajar akawu ta saba karɓar dami. Wannan ma da maganinsa, domin tun 2009 akwai umurnin da yake tattara layuka ya ɗaure su dami sa'ad da ake karantawa, da kishiyarsa mai kwance dami ya mai da shi layuka. Sai a ajiye a kwance, a miƙa wa mai so a ɗaure.

To wanda ya gaji rumbu mai dami, manhajoji da yawa kuma suna rataye da shi, yaya zai yi? Da farko ya kwance dammunan ya gwada su da jadawalin asali, ya fitar da jerin marayun lambobi, ya kai wa masu abin su yanke hukunci. Kada ya share su da kansa, domin kowace tana iya zama hakkin wani. Bayan haka ya gina jadawalin tsakani a gefe, ya ɗana tarko ɗaya wanda aikinsa kwafe duk abin da aka rubuta a dami zuwa can. Tarkon ba shi ne alƙali ba a nan, ɗan aike ne, hukunci da kulle suna hannun mai gadi na ainihi. PostgreSQL ita kanta makamancin haka take yi a jadawalanta na cikin gida: tana ajiye lambobin ma'aikatan da wata dokar tsaro ta shafa a dami, amma tana da wani jadawali dabam inda take rubuta wannan dangantaka ɗaya bayan ɗaya, shi take dubawa kafin ta yarda a share ma'aikaci.

Akwai kuma wata ɗabi'a ta ofis wadda take rage rabin wahala: kada a share abin da aka taɓa nuni gare shi, kada kuma a sake ba wani lambarsa. Kwas in an daina koyar da shi a sa masa alamar ritaya, a ƙwace ikon sharewa daga hannun kowa. Tsofaffin akawuna sun san wannan tun zamanin fayil da jan zare, fayil ɗin da aka rufe ɗakin ajiya yake tafiya da lambarsa.

INDA DAMI YA DACE

Kada a fahimce mu cewa dami haramun ne. Yawan ruwan da aka auna a watanni 12 na shekara, ko jerin awon zafi da wata na'ura ta ɗauka, waɗannan ƙididdiga ce mai tsayuwa da ƙafarta, ba ta nuni ga kowa, tare ake rubuta ta tare ake karantawa. Dami ya dace da su. Haka nan in abubuwan kaɗan ne kuma ba sa sauyawa, kamar ranakun mako, ana iya ƙirƙira musu nau'i mai ƙayyadaddun ƙimomi, rumbu zai binciki kowace ƙwaya ta damin, ba ya kuma yarda a cire ƙima daga nau'in. Ma'aunin dai ɗaya ne: in abin da yake cikin damin yana da nasa jadawali, yana iya sauyawa ko ya gushe, to wurinsa jadawalin tsakani. Wannan hukunci ya hau kan lambobin da ake cusawa cikin rubutun JSON, da waɗanda ake jerawa da waƙafi a gurbin rubutu, domin su ma mai gadi ba ya ganin cikinsu.

NAƊEWA

'Yan'uwa ɗalibai, ku da za ku gina irin waɗannan rumbuna, ku tuna manhajar da kuka rubuta za a sauya ta, ku ma za a yi muku canjin wurin aiki, amma bayanan za su zauna shekara da shekaru a hannun waɗanda ba su san ku ba. Dokar da kuka bari a cikin kanku ta tafi tare da ku. Wadda kuka shaida wa rumbu ita za ta tsaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, jadawali kuma tun ba kome a cikinsa ake gyara shi.

Ku kuma ma'aikata da za ku karɓi aiki, ba sai kun iya SQL ba. Tambaya uku sun ishe ku. Ku ce wa mai gini ya nuna muku duk gurbin da yake ɗauke da lamba fiye da ɗaya. Ku ce ya share wani abu da ake nuni gare shi a gabanku, daga cikin rumbun kai tsaye, ku ga ko za a hana shi. Sa'an nan ku sa mutum biyu a na'ura biyu, ɗaya yana ƙarawa ɗaya yana sharewa. In ya ce ai manhaja tana kula da wannan, ku tambaye shi wa zai kula ran da aka shiga ba ta manhajar ba. Wanda za a cuta in abin ya lalace ba ya cikin ɗakin da kuke sa hannu, ɗalibi ne ko ɗan fansho ko majiyyaci, ku ne wakilansa a wurin.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya sa mu riƙe amanar da aka damƙa mana.